Na Rage Filin Gwaji, Saiwa Ta Tona Ni

Goggo, ki taimake ni. Ni ma'aikacin gonar gwaji ne, aikina awo da dashe. Shekara biyar da suka wuce shugabarmu ta ba ni taswira, za a gwada taki a kan lemo. Za a raba filin kashi-kashi, wani a sa masa taki, wani a bar shi haka. Kowane kashi bishiya sha shida, huɗun tsakiya ake aunawa, na gefe katanga ce tsakanin kashi da kashi. Da na ja igiya fili bai kai ba, ƙarshensa falalen dutse ne. Ita kuma tana jego, na ji nauyin damunta, sai na yi gaban kaina: na bar hurhuɗu, na cire katangar. Daga baya aka mayar da ita babban ofis, takardun awo kawai take gani.

Makon jiya muna haƙa hanyar ruwa na ga saiwar bishiyar da ba a sa wa taki, kaurin babban yatsa, ta kutsa kashin maƙwabta tana ci abinta. Shi ya sa 'ya'yansu suka zo ɗaya! Shugaba kuwa ta riga ta rubuta cewa takin ba ya ƙara komai, wata mai zuwa za ta faɗa wa manoma a taro. Saura mini shekara uku in yi ritaya. Waya na ƙara gabana ya faɗi, ko matata ban iya gaya wa ba. In yi shiru ne?

Ɗanki mai fargaba

Ɗana, ka yi wa mai jego kara, amma karar ta yi tsada. Ƙaramin kashi ba aibu ba ne. In fili ya yi kaɗan, masana kan rage shi su yawaita maimaita gwajin. Sai dai bishiya ba dawa ba ce, tana miƙa ƙafa, kuma yanke wannan shawara aikin shugaba ne, ba naka ba. Ita ma da nata laifin, shekara biyar ba ta leƙa gona ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fara gaya wa matarka. Gobe ka zana taswirar gaskiya, ka ɗauki hoton saiwar, ka kai wa shugaba hannu da hannu kafin taron. Wataƙila awon shekarun farko ya tsira, lokacin saiwoyi ba su haɗu ba.

Ba zan ce aikinka ba ya cikin haɗari ba. Amma in ka yi shiru, wani manomi zai hana lemonsa taki saboda igiyarka, kuma ba zai taɓa sanin abin da ya cuce shi ba. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya tata.