Jura Ta Kawo Agwagwa Lafiya

Ishbel,

Na dawo ban same ki ba, kuma zan koma fili, ana jirana.

Karyarmu Jura ta fitar da mu kunya a gwajin karnukan farauta na kulob ɗinmu yau da safe. An harbo agwagwa ta faɗa ƙetaren rafi. Jura na zaune gefen ƙafata ko motsi babu, sai da na ce je ki. Ta yi iyo ta ɗauko, ta sa min a hannu. Alƙali ya matsa haƙarƙarin agwagwar, ko ƙashi ɗaya bai karye ba.

Dougal ɗan kulob ɗinmu, mai kiranta injin niƙa saboda tauna tsuntsu, ya ce, "Tsoho, haƙoran ka cire mata?" Na ce a'a, 'yata ce ta yi ta sa ta ɗaukar ɗanyen ƙwai har bakinta ya yi laushi.

Kin san na gaya wa Ranald mai tumaki in ta sake tauna tsuntsu, tasa ce. Zai zo ɗaukarta da yamma. Ki ba shi shayi, ki sallame shi hannu wofi.

Ƙwan da ya rage ki soya mana, aikinsa ya ƙare.

Babanki