Tsakanin Katifa Shida

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Umma lafiya lau, ƙafar ma ta yi sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Kamfanin waƙar da na tura wa waƙata sun ba ni amsa. Matar da ke sauraron waƙoƙin sababbin mawaƙa ta rubuto wai rabin minti ta ji ta kashe. Wai da alamar murya, amma amsa-kuwwa ta cinye kalmomin, kamar mai waƙa a cikin rijiya. Rijiya fa, Yaya! Kin san a banɗakin gidanmu nake ɗauka da wayata, don tayil ɗin nan yana ƙara wa muryata girma. Shekara biyu ina ji da wannan dabara.

Ta ba ni mako biyu in sake turowa, in ba haka ba ta wuce kan na gaba. Na rubuta mata amsa mai zafi, har na tambaye ta ko da gwiwa take sauraro. Ban tura ba, saboda mai shagon katifar da nake wa aiki ya leƙo wayar, ya ce in fara sauke kaya tukun. Kafin in gama, zuciyar ta sauka kaɗan.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Barkono

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kuma ji faɗan. Ban zagi kowa ba, ki kwantar da hankalinki.

Na samo wani tsohon littafi kan ɗaukar sauti wurin mai baza littattafai a bakin titi. Kwana uku ina fama da shi da ƙamus. Abin haushin, matar nan ta fi ni gaskiya. Bango mai tauri yana dawo da murya ta hau kan 'yar'uwarta, abu mai laushi kuma yana shanye ta. Na ɗago kai a shago, sai ga ni zaune a tsakiyar soso har rufi.

Mai shagon ya ba ni sito lokacin hutun rana. Na jingina katifa shida, na cire musu leda don ƙararta, na kashe fanka, na shige da waya. Zufa kamar an yi mini wanka. Shi kuma ya tsaya a ƙofa yana ce wa masu ciniki su yi magana a hankali, tauraro na ciki.

Da na saurara, kunya ta kama ni. Muryata siririya ce, kuma ina shaƙar numfashi a tsakiyar kalma. Banɗaki ne ke rufa mini asiri. Sau goma sha ɗaya na maimaita kafin na tura.

Jiya matar ta amsa. Ta ji har ƙarshe, sau biyu. Ranar Litinin zan je situdiyonsu gwaji. Ba kwantiragi ba ne tukuna, amma da ƙafata zan shiga.

Sai dai an samu matsala a gida. Na kunna wa Umma, ashe duk "madalla" ɗin da take yi mini shekara biyu ba ta jin ko kalma ɗaya. Yanzu ta ji baitin da na faɗi yadda take ɓoye mini nama a ƙasan kwano tun muna yara, ku kuna zaton rabo daidai ne. Ta ce na tona ta a duniya, ɗan banza mai bakin tsiya, ta kuma ce kada in kuskura ki ji. Sannan ta goge ido da gefen mayafi ta ce in mayar da ita farko.

Na turo miki a waya. Ki sa a kunne, ki zo ki yi shari'arki da Umma.

Naki har kullum,
Barkono