Darasi a Gindin Tsamiya

Yaya Muhyiddeen,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya damina a Kademi? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya yi ƙaranci.

Bana darasin kimiyyar dogon hutu ya koma waya, tunda ba na gida. Yaran ba sa samun sabis sai a gindin tsamiyar bayan makaranta. Kullum ina ganin wata tsohuwa a bayansu, tana kallona ba ta ƙiftawa. Na ce ɗalibata Afra'u ta gaishe ta. Ta waiga, ta ce, "Anti, wa?"

Duk digirina na kimiyya bai iya bayyana min wannan ba. Don Allah ka mayar da su zaurenka, ko da hoton zai riƙa yankewa. Jiya hannun tsohuwar na kan kafaɗar Afra'u.

Ƙanwarka,
Hindatu