Jiniyar Ƙarfe Biyu

Sharaɗa, Kano.
Ranar Litinin.

Ƙawata Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki yi mata sannu. Kin ce na daina aiko miki da saƙon murya mai tsawon huɗubar Juma'a, to ga takarda, sai ki sha karatu.

Wata yarinya ce a ajina na shida ta hana ni sakat. Sunanta Zinariya, ga ƙwaƙwalwa ga shiru. Kin san mu 'yan rana ne, sha biyu muke shiga mu tashi biyar, domin ɗalibai sun fi ƙarfin azuzuwa. To kullum ƙarfe biyu, da zarar kamfanin robar da ke bayanmu ya busa jiniyar canjin ma'aikata, sai yarinyar nan ta zabura ta fice a guje, ko takalmi ba ta tsayawa ɗauka. Bayan rabin awa ta dawo ta zauna kamar ba ita ba.

Malamai sun ce iska ce, an yi mata tofi har sau uku. Ni na ce rashin kunya ce, kin kuwa san zuciyata. Na sa ta kama kunne, na zane ta, ba ta ko yi kuka ba. Ranar Alhamis na tare ƙofa, ai kuwa ta gantsara mini cizo a hannu ta wuce. Hedimasta Malam Idrisu ya rantse in ta ƙara fita sau ɗaya bayan wannan makon, zai cire sunanta daga rajista, jarrabawar shiga sakandare kuma sai dai ta ji labari. Ni na kai ƙarar, amma tun da ya yanke hukuncin abinci ya daina yi mini daɗi.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Aina'u.

Sharaɗa, Kano.
Ranar Asabar.

Badi'a,

Sallama da fatan alheri. Ya yara, ya jikin Inna? Hannuna ya warke, kada ki ƙara yi mini dariya.

Ranar Laraba na bi ta. Ki kwatanta ni da wannan jikin ina ratsa tireloli da 'yan adaidaita ina haki. A ƙofar kamfanin na same ta, ta maƙale a jikin katanga, idonta a kan masu aikin safe da ke fitowa. Da wata siririyar mata ta fito, sai na ga yarinyar ta sauke numfashi ta juyo makaranta, ko magana ba ta yi mata ba.

Na tsayar da matar. Ladi sunanta, ita ce uwar, kuma ba ta ma san 'yarta na zuwa wurin ba. A nan gefen titi ta ba ni labari. Mijinta Usaini a kamfanin yake aiki, Zinariya ce mai kai masa abinci. Bara yarinyar tana tsaye a ƙofar nan da kwano a hannu aka busa jiniya, kowa ya fito ban da shi. Wuta ce ta ja shi a bakin inji. Bayan takaba aka ba Ladi gurbin aiki a wurin, ta karɓa don ba ta da yadda za ta yi. Waya kuma a ƙofa ake karɓe musu, balle ta kira ta ce tana lafiya.

Badi'a, wata huɗu ina dukan marainiya saboda tana zuwa ta ga ko uwarta ta fito da rai. Ban taɓa tambayarta ina take zuwa ba, sai dai me ya sa ba ta jin magana. Na yi kuka a cikin adaidaita har direban ya zaci rasuwa aka yi mini.

Na kai su asibiti. Likitar ta ce ba iska ba ce, firgici ne da ya zauna mata, kuma yana magantuwa da haƙuri da yawan hira da ita. Malam Idrisu ya saurare ni, ya ce ya tausaya, amma ba zai bar yarinya tana tsallaka titin manyan motoci ba, hukuncinsa na nan. Ki taya mu da addu'a.

Taki,
Aina'u.

Sharaɗa, Kano.
Ranar Juma'a.

Ƙawata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata duk kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe mini shirun wata biyu.

Ga dabarar da muka yi. Na mayar da Zinariya benci na bakin taga. Ladi kuma ta sauya hanya, in ta tashi aiki sai ta zagayo ta bayan makaranta, inda katangarmu ta rushe, ta ɗaga jan mayafinta. Tsakanin jiniya da mayafi minti goma sha biyar ne, kuma ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Makon farko a gefen Zinariya nake zama, ta riƙe hannun nan da ta ciza, muna ja da sauke numfashi tare kamar yadda likita ta koya mana. Ranar da aka riƙe su Ladi a wurin aiki har uku saura, farcenta ya shiga fatata, amma ba ta tashi ba. Da aka tashi na roƙe ta gafarar dukan da na yi mata. Ta sunkuyar da kai, wai ai ita ce ta cije ni.

Sunanta na cikin masu jarrabawa, Malam Idrisu da hannunsa ya rubuta.

Jiya ina ba su gwajin lissafi aka busa jiniya. Can na hango Ladi a bakin katanga ta ɗaga mayafi. Zinariya kuwa kanta na kan takarda, tana cizon biro tana fama da rabawa. Ladi ta ƙara ɗagawa, ta jira, har hannunta ya gaji. Ƙarshe ni na leƙa na ɗaga mata hannu. Ta gane. Ta sa mayafin ta share ido, ta daɗe a tsaye tana kallon 'yarta kafin ta tafi.

Ki gaishe da Inna da yara. Allah Ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Aina'u.