Wa Ya Ɗora Wa Fuskata Muryar Macuci?

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin shirya finafinan nan na Sabon Gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni ne Bukar mai shadda a Kantin Kwari, dattijon da ka durƙusa a rumfarsa kafin azumi kana kiransa Baba. Na biyo ta jarida ne domin sau uku ina hawa benen ofishinka ana cewa ba ka nan, alhali motarka tana ƙofa.

Na farko, abin da ka roƙa shi ne a ɗauke ni ina auna yadi kamar kullum, don a nuna kasuwa. Na yarda, ban nemi komai ba. Iyakar abin da na furta a gaban kyamara gaisuwa ce da maƙwabcina.

Na biyu, da kaset ya fito, ga fuskata, ga hulata, ga rumfata, amma muryar wani ƙato ce a bakina, yana alfahari da yadda yake tauye awo yana sayar da jabu. Har dariyata an yanko daga wani wurin an manna a ƙarshen maganar, aka bi ta da kiɗan da kuke sa wa mugu.

Na uku, na je ɗakin haɗa fim ɗin a Fagge. Editanka ya kunna mini hoton asali da muryata a ciki. Ya ce ɗan wasan da zai fito a macucin ne bai zo ba, sai ka ce a cike gurbin da ni, wai tsoho ba ya kallon fim. Gaskiya ne, ba na kallo. Amma jikokina a Rijiyar Lemo suna kallo, 'yan layinsu ma haka. Yanzu jikokin mai tauye awo ake kiransu.

Madam Ngozi, tela a Sabon Gari, tun tana amarya take sayayya a wurina ba ta taɓa duba awona ba. Makon jiya ta zo da tef ɗinta na awo, ta sake auna yadi biyar a gabana. Ya cika. Ta kasa kallon idona, ni ma na kasa kallon nata. Wannan aikinka ne, Alhaji.

Ba kuɗinka nake so ba. Ka janye kaset ɗin daga kasuwa, a cire ni daga ciki, sannan ka zo rumfar da ka durƙusa, da rana tsaka, ka faɗa wa 'yan kasuwa gaskiya da muryarka, ba ta haya ba. Soja sun koma bariki, kotu a buɗe take, kuma editanka ya ce zai ba da shaida.

Allah ya shirye ka, ya kare ka daga ranar da 'ya'yanka za su ga bakinka yana faɗin abin da ba ka faɗa ba.

Wassalam.

Bukar mai shadda,
Kantin Kwari, Fagge.