Ranar Da Na Ɗaga Hula A Gaban Kawu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Ni lafiyata ƙalau, sai dai akwai maganar da nake so ki ji daga bakina kafin Kawu ya bugo waya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Kin san Kawu ya samo mini aiki a tashar jiragen ruwa, a gungun da yake shugabanta. Aikin sabon shiga shi ne ɗaure kwantena. Injin ɗaga kaya zai ajiye ta a cikin jirgi, ni kuma in bi in sa makullai in ja ƙarafa har ta zauna daram. Wanda ya koya mini wani baƙo ne da ake ce wa Dogo, mutumin kirki, abincinsa ma tare muke ci. To satin da ya wuce aka kawo wasu kwantenoni da sojoji suna gadi. Ashe makamai ne masu linzami, gwamnati za ta aika wa ƙasar su Dogo, wadda wata babbar ƙasa take yaƙa.

Yaya, tun daga nan tashar ta rikice. A ɗakin cin abinci talabijin ba ya nuna komai sai manya masu kwat suna musu. Wannan ya ce idan aka aika, babbar ƙasar ta rantse za ta fito da makamin ƙare dangi. Wancan ya ce barazana ce kawai. Na tambayi direban injin ɗaga kaya mene ne ƙare dangi, ya ce bom ne guda ɗaya da zai cinye gari har da kajinsa, wai in ya sauka ko bashin mai shayi ba wanda zai biya. Aka yi ta dariya, ban da ni. Direban nan shi ne kan gaba wajen cewa kada mu loda. Kawu ya ce masa mu leburori ne ba majalisa ba, in yana son siyasa ya sauko daga injin ya je ya tsaya takara. Dogo bai yi musu da kowa ba. Wayarsa ya miƙo mini, na ga layin gidansu ya zama tsibin bulo. Ya ce tsohuwarsa tana kwana a ramin ƙarƙashin makaranta, in ba a kai kayan nan ba wa zai tare mata abin da ke faɗowa daga sama?

Wallahi kaina ya ɗaure. In mai wannan magana ya yi sai in ga gaskiyarsa, in wancan ya yi shi ma haka. A nan in ƙungiyar ma'aikata za ta yanke abu, ana taruwa a babbar rumfa, kowa ya ɗaga hular kwanonsa a ƙirga. Da safen ranar da za a yanke maganar lodin, Kawu ya tuna mini cewa hular da ke kaina tsohuwar tasa ce, kan da ke cikinta kuma tuwonsa yake ci, don haka in kalli hannunsa in yi yadda ya yi.

Na so in bi shi, Allah ya sani. Amma ina tsaye sai Auta ya faɗo mini a rai, yadda har yau in taya ta fashe yake shigewa ƙarƙashin gado, tun abin da ya faru a garinmu. Bindigogin da aka shigo mana da su ba a gonarmu suka tsiro ba. Wani ne a wata tasha ya ɗaure akwatinsu da kyau ya tafi gida ya ci abinci, ƙila shi ma an ce masa na kare kai ne. Ban san wa ke da gaskiya a talabijin ba, kuma ban ce Dogo ƙarya yake yi ba. Na dai san hannuna ba zai iya ja wa kayan nan ƙarfe ba. Da aka ce waɗanda ba za su loda ba su ɗaga, sai na ɗaga hula. Ban kuma sauke ba sai da aka ƙirga. Kawu yana kallona.

Mu muka yi rinjaye da kaɗan, jirgin yana nan tsaye, ana cewa sojoji za a kawo su loda da kansu. Da yamma Kawu ya karɓe hularsa, ya ce gobe kada ya gan ni a gungunsa, in kuma kwashe jakata daga ɗakinsa. Na gode masa na fito. Wanda na fi jin kunya Dogo ne. Na je na same shi na ce ya yafe mini. Ya ce bai yafe ba tukuna, ransa a ɓace yake. Ya dai tambayi inda zan kwana, na ce direban injin ya ba ni wuri a barandarsa, ya ce to, ya juya.

Abin da nake roƙonki, kada Inna ta kira Kawu ta ba shi haƙuri a kan zan canza magana, don ba zan canza ba. Zan je in durƙusa masa a kan ɓacin ran da na sa shi, wannan hakkinsa ne. Kuma kada ku ce in dawo gida. Akwai wurin sauke buhunan siminti a bayan tasha, gobe da sassafe can zan nufa. Aiken wannan watan zai yi jinkiri, amma zai zo in sha Allahu.

Ki gaishe da Inna, da Baffa, da Gwaggo ta bakin kasuwa, da maigidanki. Ki shafa mini kan Auta. In kun yi salla ku sa tsohuwar Dogo a addu'a, ban san sunanta ba, Allah ya san ta.

Ƙaninki da ke tasha.