Rigar Modem

Buruburu, Nairobi

Yaya Gathogo,

Gaisuwa mai yawa. Ya Nyahururu, ya sanyi, ya ciwon gwiwa? Na rubuto ne don na san in na kira ka, za ka yi ta "me kika ce?" har katina ya ƙare.

Matar ɗana Kamande ta sauka lafiya a Kanada. Mace ce, 'yarsa ta fari, ka san ke nan a al'adarmu sunana ta ci. Ya aiko mini da kwamfuta don in gan ta. Na gayyaci matan cocinmu ranar Asabar mu yi mata guɗa huɗu irin ta 'ya mace, tana ji da kunnenta. Kamfanin intanet ya jawo waya har falona, saura akwatin da ake kira modem. Nasu tsada kamar kuɗin ɗan maraƙi. Kai da ba ka taɓa sayen abu a farashin farko ba, me ka gani?

Ga ganyen shayi a hannun direban matatu, motar hayar da ke zuwa garinku.

Ƙanwarka,
Nyokabi

Nyahururu

Maman Kamande,

Bayan gaisuwa, barka da samun takwara. Shayin ya iso, sai dai an cuce ki a awo.

Kada ki taɓa na kamfani. Ki je titin Luthuli ki nemi wanda aka ɗan yi amfani da shi. Ki fara tambayar kamfanin irin wanda wayarsu ke karɓa, ki rubuta a tafin hannu. Mai eriya huɗu na masu son a gani ne. Ki sa tsohon takalmi, in sun faɗi kuɗi ki yi dariya ki nufi ƙofa.

Ga dankali rabin buhu. A dawo mini da buhun.

Yayanki,
Gathogo

Buruburu

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Araha ba ta ado, yau na yarda. Na sayi modem ɗinka. Da safe lafiya lau, kafin in gama dafa githeri, masara da waken nan, ya ɗauke. Na mai da shi shago, ya wuni yana aiki a kan teburinsu kamar jakin haya. Mai shagon ya ce, "Mama, ko dai gidanki ne bai karɓe shi ba?" Ya canza mini wani, shi ma halinsu ɗaya.

Butulci ne kawai. Ka san falona, ba kujera ba talabijin da ke zaune ba mayafi. Shi har riga na saƙa masa da ulu mai kauri, ruwan hoda, na rufe masa ramukan nan kaf saboda ƙura, na ɗora furen roba a kai.

Har yau ban ga yarinyar nan tana motsi ba, Yaya. Asabar ta matso, kuma Maman Gichuki, wadda jikokinta ke zuwa mata duk Lahadi, ta riga ta ce za ta zo "ta ga ikon Allah". In abin nan ya mutu a gabanta, sai dai in canza coci.

Nyokabi

Nyahururu

Maman Kamande,

Gaisuwa a taƙaice, direba na jira.

Ki tuɓe masa rigar. Ramukan nan hancinsa ne, zafi ke sumar da shi. Haka marigayiya Mama ta kashe rediyon Baba, muka yi shekaru muna zagin kamfanin. Kada ki ƙara ko sile ɗaya.

Buhuna fa?

Gathogo

Buruburu

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ban bi maganarka ba, don ban ga yadda zan tara baƙi in bar abu tsirara a tsakiyar falo ba. Ranar Asabar muka zauna, Kamande ya kira, ya ɗago jaririyar. Ƙafarta kawai muka gani, hoton ya sandare. Maman Gichuki ta kurɓi shayi ta ce, "Ƙafar dai mai kyau ce."

Ban san lokacin da na fizge rigar ba. Na kashe shi na kunna, matan coci suka kewaye shi suna yi masa fifita da littattafan waƙa. Can sai ga fuska. Ta yi hamma, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni. Su suka yi guɗar, ni kuka ya hana ni.

Hancinka ne da ita, Allah ya raba ta da rowarka. Ga buhunka. Rigar na ciki, na ɗinke ramin da waya ke shiga. Kanka ma ya daɗe ba mayafi.

Ƙanwarka,
Nyokabi

Nyahururu

Nyokabi,

Hular ta yi mini daidai, ba sai na sayi ta kasuwa ba. Ki ce wa Kamande ya sake kira ranar Lahadi. Ina tafe in ga hancin nan da idona. Kuɗin motar ma ni zan biya.

Yayanki,
Gathogo